Araha Ba Ta Ado: Yadda Muka Sayi Firinta Sau Biyu

 Da aka ce mu ne da filin wannan karon, niyyarmu ta farko ita ce mu kawo wani abu a kan gina tauraro a gajeren labari. Sai muka tuna akwai labarin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wanda wataƙila zai tsirar da kuɗin wani a cikinku. Labarin firinta ne da tawada, da yadda muka kusa salwantar da kuɗin littafin ƙungiyarmu saboda kunyar tambaya.

Ƙungiyarmu ƙarama ce. Mu 34 ne a rajista, masu zuwa taron ƙarshen wata kuwa da ƙyar suke kai 20. Mun shekara biyu muna tara gajerun labarai domin mu fitar da littafin haɗaka, har mun tace guda 18 sun zauna daram. Kuɗin ɗab'i kawai ya rage. Duk wanda ya leƙa maɗaba'a a 'yan shekarun nan ya san halin da takarda ke ciki. Mu tara kuɗin wata-wata, mu kusa kamo farashin da aka yanka mana, mu koma a ce ai an ƙara. Haka muka yi ta bin inuwa.

Sakatariyarmu ce ta kawo shawarar a juya kuɗin a wata 'yar sana'a. An ambaci buga riguna, aka ga kowa shi yake yi, ga rigimar wannan ta yi masa kaɗan, waccan ta yi mata yawa. Sai wani ya kawo maganar shimfiɗar linzamin kwamfuta, 'yar tabarmar nan mai roba a ƙasa da yadi a sama, wadda masu shago ke kira mausfad. Ba ta da babba da ƙarami irin na riga, a shimfiɗe take, kuma duk wanda ya zauna gaban kwamfuta idonsa na kanta. Muka ce mu buga karin magana a kai da zane mai kyau, da tambarin mai saye a gefe. Yayan wani ɗan ƙungiyarmu yana da cibiyar rubuta jarrabawar JAMB mai kwamfuta 250, ya ce in aikin ya yi kyau zai saya.

Aka zaɓi mu uku aka damƙa mana amanar. Dalilin zaɓen namu shi ne dukkanmu mun yi difloma a foli, har ɗaya a cikinmu a fannin kwamfuta ya yi. A ganin 'yan ƙungiya, mai difloma ai ya san firinta. Mu ma ba mu musa ba. Gaskiyar magana, iyakar saninmu da firinta shi ne mu miƙa filashi a shago a fitar mana da furojet. Amma da aka yabe mu a bainar jama'a sai baki ya yi nauyi, muka karɓi kuɗi muka ce an gama.

Ranar wata Asabar muka shiga wani shagon kayan kwamfuta muka ce muna son firinta mai kala, mai kyau, mai sauƙin kuɗi. Abin da muka tambaya ke nan, shi kuma aka ba mu: wata ƙaramar firinta mai katirij biyu, ɗaya baƙi ɗaya mai kala. Da muka ambaci abin da za mu yi da ita, yaron shagon ya ɗauko mana fakitin takardar da ake manna hoto a riga, ya ce dutsen guga ma ya isa. Muka ƙara da fararen shimfiɗu, muka fito muna murna kuɗi ya yi saura.

A daren muka buga guda 20. Wallahi a ido sun yi kyau. Muka ɗauki hoto muka tura zauren ƙungiya, aka yi ta sa mana albarka. Washegari muka kai wa mai cibiya ya gwada. Abin da ya fara sanyaya mana gwiwa shi ne katirij mai kalar ya ƙare kafin mu cika 30, kuma da muka tambayi kuɗin sabo, muka lissafa, sai muka ga tawada kaɗai za ta cinye ribar.

Bayan mako biyu mai cibiya ya kira mu. Ya zube su a kan tebur bai ce komai ba. Duk inda wuyan hannu ke gogawa hoton ya tsattsage yana ɓamɓarewa kamar fatar maciji. Inda gumi ya taɓa kala ta zuba. Ya ɗora linzami a kan ɗaya ya ce mu ja, muka ji yana cijewa. Sannan ya ce, “Ƙannena, yaro yana da minti ƙidayayye a jarrabawa. In linzami ya maƙale masa, ni zai zaga, ba ku ba.” Muka kwashe kayanmu muka fito. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin littafi ya tafi.

A hanya mun yi shawarar mu rufa wa kanmu asiri, mu yi karo-karo daga aljihunmu mu cike giɓin kafin taro. Da muka duba aljihun sai muka ga ko rabi ba zai kai ba. Ba jarumta ce ta sa muka faɗi gaskiya ba, rashin yadda za mu yi ne.

Ba za mu manta da taron nan ba. Ma'ajinmu malamar makaranta ce, ta girme mu nesa ba kusa ba, Anti muke ce mata, kuma mun san kuɗin adashinta ta ɗauka ta ƙara a asusun don littafin ya fita. Ta ɗauki shimfiɗa ɗaya ta jujjuya, ta ce, “Asara ba a kanku aka fara ba. Tambaya ɗaya zan yi muku. Kafin ku biya, wa kuka tambaya?” Muka sunkuyar da kai. Ta ce, “To ku tashi ku je wajen mai buga kofunan biki na bakin kasuwa, ku ce ni na turo ku. Kada ku sake fitar da ko sisi sai kun dawo kun yi mana bayanin da ni ma zan gane.”

Dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Shagonsa cike yake da kofuna da farantai masu hoton ango da amarya. Muka gaishe shi muka ce, “Baba, wace firinta ce ta fi kyau?” Ya dube mu ya ce, “Yara, daga wutsiya kuka faro. A kan me za ku buga?” Muka miƙa masa farar shimfiɗa. Ya zaro zare ɗaya daga gefenta ya kunna masa ashana. Zaren ya narke ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri. Ya zaro wani daga tsumman auduga ya ƙona, ya zama toka. Ya ce, “Kun gani? Naku foliyesta ne, ɗan gidan roba. Shi zai faɗa muku tawadar da yake sha, tawadar kuma ta faɗa muku firintar da za ta iya ɗaukarta. Firinta ce ƙarshen saye, ku kuwa da ita kuka fara.”

Mun yi kwana uku muna zuwa shagon nan da littafi da biro. Ga abin da muka kwaso, mun kuma tabbatar da shi da hannunmu daga baya.

Takardar da aka sayar mana manne take yi. Akwai wata siririyar leda a jikinta, zafi ya narkar da ita ta liƙe a saman yadi da hoton a ciki. A riga tana iya ɗan jimawa, amma shimfiɗar linzami aikinta ke nan a goge ta daga safe har dare. Hanyar da ta dace ita ce wadda masu sana'ar ke kira sablimeshan. Baba ya ce mu tuna kafur ɗin da iyayenmu ke sawa a akwatin kaya: kullum yana ƙanƙancewa, amma ba a taɓa ganin ya zama ruwa ba, iska yake bi. Haka wannan tawadar take. Ana buga ta a takarda ta bushe, in ta ji zafi wajen digiri 200 sai ta tashi ta zama tururi, ta shige cikin zaren foliyesta wanda shi ma zafin ya buɗe shi. Da ya huce sai ya rufe da ita a ciki. Ya ce, “Rini ne, irin na marinar Ƙofar Mata, ba fenti ba.” Shi ya sa in ka shafa ba ka jin tudun komai, linzami ya zame sumul, a wanke ma ba ta fita.

Wannan rinin yana da sharuɗɗansa. Ba ya kama auduga. Ba ya fitowa a baƙin yadi, domin babu farar tawada a cikinsa. Duk farin da ka gani a zanen, farin yadin ne da kansa. Saboda haka shimfiɗar da za a saya sai mai farin saman foliyesta.

Sai maganar firinta. Mai hoda, irin ta ofis da ake kira leza, ba ta cikin lissafi. Masu ruwan tawada kuma gida biyu ne. Yawancin ƙananan firintocin HP da Canon zafi suke amfani da shi: wani ɗan ƙarfe a cikin kan firintar ya yi zafi, ya tafasa tawada, kumfar ta turo ɗigo waje. A aikin takarda wannan ba laifi ba ne. Amma tawadar da zafi ke tayar da ita ba ta shiri da irin wannan kai. Epson kuwa wani ɗan ƙanƙanin ƙarau take amfani da shi, wanda ke lanƙwasawa in wuta ta taɓa shi, ya turo ɗigon ba tare da dafa shi ba. Dalilin da ya sa kusan duk mai wannan sana'ar za ka gan shi da Epson ke nan. Tamu ta farko 'yar gidan zafi ce, ko da mun samo tawadar da ta dace ba za ta yi ba.

A nan hanya ta rabu biyu. Akwai firintocin da tun daga kamfani don wannan aikin aka ƙera su, kamar Epson SC-F100 da Sawgrass SG500. Suna zuwa da tawadarsu, kalarsu a daidaite, garantinsu na nan, sai dai kuɗinsu da na tawadarsu ya fi ƙarfinmu. Ɗaya hanyar ita ce a sayi Epson mai tanki ta yau da kullum, irin su L3210, a zuba mata tawadar sablimeshan. Ta fi araha sosai, amma daga ranar da ka zuba mata baƙuwar tawada ka yi sallama da garanti. Baba ya ja mana kunne a kan abu ɗaya: ta zama sabuwa fil, wadda tankinta bai taɓa ganin tawada ba, kuma kwalaben da suka zo a kwalinta kada a buɗe su. In tawada biyu suka haɗu a bututu, wanke ta aiki ne ja.

Mun so mu kai hannu ga mai kala shida irin L8050, ko babbar nan L1800 mai ɗaukar takardar A3. Baba ya sake tambayarmu me za mu buga. Kala shida fuskar mutum take gyarawa, ta fitar da launin fata sumul, shi ya sa shi yake amfani da ita a hoton amare. Mu rubutu ne da zane da tambari. Shimfiɗarmu kuma santimita 22 ce da 18, takardar A4 mai 21 da 29.7 ta ɗauke ta har da rarar gefe. Muka tsaya a kan mai kala huɗu. Wannan karon sai da muka koma taro muka yi bayani, Anti ta yi mana tambayoyi har ta gamsu, sannan ta ƙirgo kuɗi.

A wajen tawada ma an so a ruɗe mu da araha. Akwai wadda ake ɗurawa a kwalba ba suna ba kwanan wata. Muka tsallake ta muka sayi mai suna, 'yan mililita 100, kala huɗu, muka duba ranar lalacewarta, muka kuma tabbatar mai shagon yana kawo irinta a kai a kai, domin ba a gauraya ta wani kamfani da ta wani. Mun roƙi fayil ɗin daidaita kala da ke tafiya da ita muka sa a kwamfuta. Kafin mu sa shi, jan tambarin mai cibiya ruwan lemo yake fitowa. Kwalaben da suka zo da firintar kuwa mun sayar wa wani mai shagon buga takardu, kuɗin ya saya mana takardar sablimeshan.

Injin gasawa ne ba mu saya ba. Dutsen guga ba ya riƙe zafi ɗaya a ko'ina, ba ya kuma danna ko'ina daidai, don haka injin dole ne. Amma madaidaicin, mai faɗin santimita 38, yana jan wutar da ta haura wat 1,000, ƙaramin janaretanmu ko kusa ba zai ɗauka ba. Muka yi yarjejeniya da Baba: mu buga takardunmu a gida, mu zo shagonsa da yamma mu gasa, mu biya shi a kan kowace ɗaya.

Kada ku zaci daga nan komai ya tafi salin-alin. Ta farko da muka gasa, da muka ɗaga takarda sai ga rubutu ya fito a juye, daga dama zuwa hagu. Yaron Baba ya ce ashe ajami muke bugawa. Takardar kifa ta ake yi a kan yadi, saboda haka dole a juya zanen kamar a madubi kafin a buga. Baba ya ga kuskuren tun takardar na hannunmu, ya yi shiru. Ya ce wanda ya ɓata guda da hannunsa ba ya sake mantawa.

Wata rana ya tafi ta'aziyya, muka hau ɗaya injin nasa muka saita 200 kamar kullum. Zane ya fito fari-fari kamar an shekara ana wanke shi. Ashe wannan injin da ma'aunin Farenhait yake ƙirga, 200 ɗinsa digiri 93 ne kawai a Salsiyos, ko ruwa bai isa ya tafasa ba. Wajen 400 ya kamata mu sa. Guda shida muka ɓata kafin mu lura da ɗan harafin da ke gefen lambar. A hankali muka gane sauran: daƙiƙa 50 zuwa 60 ta ishe shi, in ya wuce baƙi ya koma ruwan ƙasa, a fara ɗan gasa shimfiɗar ita kaɗai don danshi ya fita, a kafe takarda da salatif mai jure zafi, domin in ta motsa rubutu inuwa yake yi. Kuma kada dusashewar kala a takarda ta tsorata mutum, sai ta ji wuta take nuna kanta.

Kuskuren da ya fi ba mu kunya shi ne wanda ya shafi sana'armu ta asali. Mun zaɓi wani salon harafi mai ƙayatarwa muka rubuta “Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.” Da aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ke haɗe da firinta, ƙ da ɗ suka ɓace, wasu 'yan akwatuna suka zauna a gurbinsu. Ɗaya a cikinmu ya ce mu sa k da d kawai, ai kowa zai gane. Sakatariya ta ce in 'yan kasuwa sun yi haka a allon shago an yi musu uzuri, ƙungiyar marubutan Hausa kuwa ba ta da bakin kare kanta, ƙasa daban kasa daban. Muka koma kan Noto Sans da Charis SIL, waɗanda kyauta ne kuma suna ɗauke da haruffanmu masu ƙugiya, manya da ƙanana. Yanzu kafin mu so wani salon harafi sai mun fara rubuta ɓ, ɗ, ƙ da shi mun gani.

Na ƙarshe hunturu ne ya koya mana. Muka yi tafiya ta kwana goma sha biyu muka bar firinta a buɗe. Da muka dawo zane ya riƙa fitowa da layi-layi, tawada ta bushe a 'yan ƙofofin feshi, ga ƙura. Sai da muka sa ta wanke kanta sau da dama, tana shan tawada muna kallo, kafin ta dawo daidai. Tun daga nan duk bayan kwana biyu ko uku sai an buga ɗan shafi mai kala huɗu ko ba aiki, a rufe ta da mayafi, kuma a kashe ta ta maɓallinta domin kan ya koma mazauninsa ya rufu. Mun haɗa ta da na'urar riƙe wuta saboda ɗaukewar Nefa a tsakiyar aiki.

Da muka koma wa mai cibiya bai karɓa da sauri ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Ya ɗauki ɗaya ya kankare da farce, ya zuba mata ruwa ya murza. Ya ce mu bar guda 10 na wata guda. Da watan ya cika ya ce mu kawo 60, daga baya ya cike sauran kafin lokacin jarrabawa. Wata makaranta da shagunan buga takardu biyu sun biyo baya. Mun mayar da abin da muka ɓarnatar, asusu ya haura inda yake a da. Littafin bai fita ba tukuna, amma mun kai wa maɗaba'a kafin alƙalami.

Ranar da muka zauna tace labari na ƙarshe, tambayar Baba ta dawo mana. Labarin na wani ƙaninmu ne a ƙungiya, ya cika shi da manyan kalmomin da ya tsinto a ƙamus, alhali ɗaliban sakandare muka yi wa littafin. Muka tambaye shi wa zai karanta. Ya yi shiru irin wanda muka yi a gaban Anti, sai muka gaya masa mu ma mun taɓa yin shirun nan, muka ba shi labarin firinta. Da yawanmu a nan haka muke farawa, da tambayar wace manhaja ta fi, wane salo ake yayi, kafin mu san a zuciyar wa muke son maganar ta zauna.

In ƙungiyarku na tunanin irin wannan sana'ar, ku fara riƙe abin da za ku buga a kai a hannu, ku kai wa wanda ya shekara yana yi, ku biya shi ya buga muku guda biyu ku gwada wata guda kafin ku sayi komai. In kuma kuɗin jama'a ne a hannunku, ku faɗi abin da ba ku sani ba tun ranar da aka zaɓe ku. Firintar farko tana nan ba mu sayar ba, da ita muke fitar da takardar gayyatar taro, kuma a wannan aikin ba ta taɓa ba mu matsala ba.

Allah Ya sa mu ga fitowar littafin lafiya, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.